Hodi da Kwamfutar da Ke Ƙamewa Ranar Musaya

Hodi taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan halal ne, ko ya so ko ya ƙi. Shi ya yi karatu har takardu suka gaji da shi. Ni kuwa ina aji biyu na sakandare na ga allo ya fara yi mini kallon raini, na bar musu kayansu na koyi tuƙi. Amma ku duba wanda ke rubuta tarihin wani yau.

A Birnin Kebbi aka haife shi, da kai wanda ba a taɓa ganin irinsa a zuriyarmu ba. Hular sallar da aka ɗinka masa yana ɗan shekara bakwai, ita kawunmu ya ara ya je ɗaurin aure Jega, kuma sai da ya cusa tsumma a ciki. Tun yana ƙarami ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Ya taɓa kwance rediyon ubana ya mayar, ƙusa huɗu suka rage a hannunsa, rediyon kuma ya ci gaba da magana, har ya fara kama tashoshin da ba mu san da su ba. In ƙarfe ne ko waya, Hodi zaki ne. In mutum ne, shi ke nan. Ka gaishe shi sau ɗaya, ya amsa sau uku yana kallon takalminsa.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, akwai wani ofishi a Birnin Kebbi mai rabon filayen noman rani a fadama, tun daga nan har Argungu. Hodi na buga tafireta a can, ni ina tuƙa motar ofis. Kowane manomi yana da fayil: sunansa, filinsa, da magudanar da yake shan ruwa. A shekarar 1987 aka kawo mana kwamfuta kyauta daga ƙasar waje, tare da wani injiniya Ba'indiye da muke kira Mai Barkono, don ɗanyen barkono yake haɗawa da shayi. Kwamfutar ta kai firji tsawo. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata iyakwandishan, abin da ko Babban Akawu bai samu ba. Aka huda bango aka ja wayoyi zuwa ofishin gaba, aka ajiye allo biyu masu madannai. Ɗaya na Maliki, Bakabe ɗan Argungu, mai kula da manoman Argungu. Ɗaya na Hammadu, Bafillace, mai kula da na Birnin Kebbi. Teburansu na kallon juna, bakunansu kuma ba sa hutu.

Mai Barkono ya duba ofis kaf ya zaɓi Hodi, don shi kaɗai ne ba ya magana in ana koya masa abu. Shekara biyu suna rufe a ɗakin sanyi. Da zai tafi ya bar masa littattafai uku, kowanne ya isa matashin kai, an buga duk rubutun cikin na'urar a ciki. A can ƙuryar cikinta akwai wani sashe da ke rabon komai, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya jira. Masu sana'ar suna ce masa kanel. Mai Barkono da hannunsa ya yi wa wannan sashe ƙari don akawu biyu su iya aiki a lokaci guda. Ya sha shayinsa na ƙarshe, na kai shi tasha, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Hodi ya zama Injiniya. Da wannan sunan ya auri Riskuwa, 'yar Malam Abdussamadu na wani ƙauye a bayan Argungu. Da yana mai tafireta sau biyu ana zuwa tambaya ana cewa yarinya ba ta isa ba. Da ya shiga ɗakin sanyi, cikin wata guda ta isa. Ni ma na ci arziki, don kullum bayan azahar nakan shimfiɗa kwali a bayan kwamfutar in yi barci kamar ɗan gwamna.

To, akwai abin da ake kira musaya. Mutumin Argungu ya gaji fili kusa da Birnin Kebbi, mutumin Birnin Kebbi yana da nasa kusa da Argungu, kowa na shan tafiya, sai su ce a musanya. A cikin kwamfutar akwai ɗaki biyu, ɗakin Argungu da ɗakin Birnin Kebbi, kowane fayil yana ɗakinsa. Musaya ita ce a fitar da wannan a kai can, a fitar da wancan a kawo nan. Abu mai sauƙi. Sai dai ba wanda ke yarda a fara fitar da nasa. Bakabe ya ce in aka cire sunansa kafin na Bafillace, wa ya san abin da zai faru a tsakani? Bafillace ya ce shi ma ba a haife shi jiya ba. Ranar farko har sai da aka ɗaga sanda. Babban Akawu, mutum mai son zaman lafiya, ya kafa doka: Talata da Alhamis ne ranakun musaya, masu fili su riƙe hannun juna kamar ana cinikin shanu, Maliki da Hammadu kowa ya ɗora yatsa a kan madanni, a ƙidaya uku, a danna tare.

Wa zai ƙidaya? Ni. Uwata 'yar Argungu ce, ubana ɗan Birnin Kebbi, ba mai zargina. Da farko akawunan ba su iya ba, wani ya riga wani da ƙiftawar ido, a yi ta gardama. Na zaunar da su na horar da su kamar 'yan fareti. Cikin wata uku in na ce uku, ƙara ɗaya kake ji. Ina alfahari da wannan aiki ƙwarai.

Daidai lokacin ne kwamfuta ta fara ƙamewa.

Ba mutuwa take yi ba. Fanka na juyawa, fitila na ci, in ka danna harafi ya fito a allo. Amma ko ka haɗa ta da iyayenta ba ta motsi. Sai a kashe a kunna, ta ɗauki sa'a guda tana laluben faifanta, aikin yini ya bi ruwa. Wani manomi ya fita ɗakin Argungu bai isa ɗakin Birnin Kebbi ba, wata biyu bawan Allah yana noma a filin da takarda ta ce babu shi a duniya.

Kowa da fassararsa.

"Na'urar ga ta san asali," in ji Maliki. "Ba ta yarda a ɗauki Bakabe a jehwa ɗakin Hillani."

"Ƙarnin kihi na ka sa ta suma," in ji Hammadu. "Ka riƙa wanke hannu kahin ka taɓa kayan gwamnati."

"Mu da kihi munka girma. Ku da mi? Nono da tahiya."

Babban Akawu ya kawo turaren wuta ya zagaya ta sau bakwai, iyakwandishan ya zuƙe hayaƙin ya yi tari kwana biyu. Ni na ba da shawarar a ɗan buge ta a gefe kamar yadda nake yi wa kafireton mota. Hodi ya tare ƙofa da jikinsa.

Shi nasa aikin daban ne. Ya sami littafin makaranta yana rubuta ranar da ta ƙame da sa'ar. Bai daɗe ba ya gane Talata da Alhamis ne, lokacin musaya. Sai ya jira an tashi cin abinci, ya fito ofishin gaba ya gwada da kansa: ya kai fayil daga nan zuwa can, ya taka zuwa ɗaya teburin ya dawo da wani. Lafiya lau. Ya yi sau hamsin, ko gezau. Da idonsa kuwa bai taɓa ganin musaya ba, don ranar ofis cike yake da manoma, Hodi kuwa ya gwammace ya haɗiye tafireta da ya ratsa taron dattawa. Yana ɗakin sanyi sai dai ya ji an buga bango an ce, "Injiniya, ta sake!"

Akwai wani maɓalli da Mai Barkono ya nuna masa. In ta ƙame ya danna, firinta ta zubo jerin duk ayyukan da ke cikinta da abin da kowanne ke jira. Kullum abu ɗaya yake gani. Aiki biyu na barci a sama, ɗaya na jiran lamba sha ɗaya, ɗaya na jiran sha biyu, sauran duk sun yi layi a bayansu. Ya gano lambobin nan mabuɗan ɗakunan biyu ne. Amma takardar abin da kowa ke jira kawai take faɗi. Ina mabuɗan suka shiga, ba ta faɗi. Hodi ya rame, kan nan ya ƙara fitowa. Na ce masa ya riƙa tafiya kusa da bango kada iska ta kifar da shi.

Ana nan sai ga wasiƙa daga hedikwata a Sakkwato. Darakta zai zo ran Litinin da babbar mota. In kwamfuta ba ta warke ba, za a kwashe ta da iyakwandishan ɗinta a kai Sakkwato inda ake da masu ilimi, Hodi ya koma kan tafireta. Ya karanta wasiƙar a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Riskuwa kuwa tana gidan iyayenta wankan jego, ta haifa masa 'yar fari. Ya dube ni ya ce, "Labbo, da wane ido za ni kallon Baban Riskuwa in an ce mini mai tahireta?"

"Da wanda ka saba," na ce. "Ai takalmi kaka kallo."

Bai yi dariya ba. Nan na san abin ya kai.

Ran Asabar da hantsi na kai shi Argungu, don an yanka bijimi a gidansu kuma dole a kai wa maijego ƙauri. Muka bar mota a bakin gari muka shiga fadama a ƙafa. Ya ɗora kwali a ka, da ƙafafun bijimin huɗu, da sabulu, da kanwa, da yaji, a sama kuma littafi na biyu na Mai Barkono, don ko makewayi ba ya zuwa ba shi. Ni na ɗauki rake guda, kada a ce ban taimaka ba.

Kafin ƙauyen akwai wata magudana mai zurfi, ruwan damina bai janye ba. Gadar gungumen giginya ne guda ɗaya, mutum ɗaya take ɗauka. A gefenmu akwai tsamiya. Hodi ya ɗora ƙafa a kan gungumen ke nan, sai ga Malam Abdussamadu ya ɓullo daga cikin shinkafa a wancan gefe, da sandarsa, zai tafi kasuwa. Shi ma ya ɗora ƙafa.

Hodi ya zame takalmi, ya durƙusa nan a bakin gungumen, kwali a ka.

"Baba, ina kwana."

Tsoho ya ɗaga kai yana duban wani gajimare, don ba a kallon suruki. "Lahiya lau. A wuce."

"Baba shi wuce."

"Mai kaya ka wucewa."

"A'a, Baba na babba."

Kun ga matsalar. Tsoho ba zai iya ƙetarowa ba, don inda zai sauka nan Hodi ya durƙusa, kuma bakinsa ba zai iya ce wa suruki tashi ba. Hodi ba zai iya ƙetarawa ba, don inda zai sauka nan tsoho ya tsaya, kuma miƙewa tsaye gaban Baba kafin ya wuce, ai gara ruwa ya ci shi. Ja da baya kuwa ba wanda ya yi tunaninsa, kowa na ganin in ya janye ya nuna ya ƙosa. Sai suka koma gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina ruwa, ina shinkafa. Da suka ƙare mutane suka shiga dabbobi. Na rantse sai da suka gaisa a kan kajin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

Layi ya fara taruwa. A bayan tsoho mata masu tallan nono da masunta biyu da gorunansu. A bayanmu masu albasa da wani mai keke. Ba mai iya magana, don kowa ya san tsakanin suruki da suruki ba a shiga. Ni da zan iya raba su da kalma ɗaya, amma wane taubashi ne zai ga irin wannan ni'ima ya katse ta? Na zauna gindin tsamiya na fere rakena. Inuwa ta tashi daga yamma ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Wuyan Hodi na rawa, ƙuda sun gano ƙauri.

Allah ya kawo Inna Kulu, yayar Malam Abdussamadu, tsohuwa mai fura wadda ba ta tsoron kowa. Ta ratso layin wancan gefe tana ture mutane da gwiwar hannu.

"Mi ka hwaruwa nan? Gawa anka tsinta?"

Aka nuna mata da baki.

"Kai Audu! Kai da surukinka kun tsare muna hanya, nono na tsami bisa kaina! Kowa ya riƙe kai guda shina jiran na ɗan'uwanai, to ku kwana nan! Ɗaga ƙahwarka, tsohon banza. Daga yau duk wanda yah hito gehen tsamiya shi ka hwara wucewa, babba na ko yaro, da kaya ko ba kaya. Wanda ag gehen ga shi jira, ko liman na. Kai mai kai, taso!"

Tsoho ya janye ƙafa kamar ya taka wuta. Hodi ya miƙe ya hau gungumen. Ya kai tsakiya sai ya tsaya cik. Na ji yana maimaitawa, "Kowa ya riƙe guda, shina jiran na ɗan'uwanai." Sai ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba tun haihuwarsa.

"Labbo! Ranar musaya ƙaƙa su Maliki ka dannawa?"

"Tare mana," na ce. "Ni ka ƙidaya musu. Ƙara guda kaka ji."

Ya juyo gaba ɗaya don ya dube ni, ya manta a kan giginya yake. Kwali ya yi gabas, Hodi ya yi yamma. Ruwan ya tashi har ya jiƙa tsamiya. Da ya ɓullo, hannunsa ɗaya na sama riƙe da littafin Mai Barkono, ban san lokacin da ya cafke shi ba. Malam Abdussamadu ya miƙa masa sanda, kuma a karon farko ya dube shi ido da ido ya ce, "Injiniya, kama nan." Masuntan suka faɗa ruwa suka tsamo ƙafafun bijimin uku. Ta huɗun har yau ana nema.

A gidan, Riskuwa ta leƙo ta bayan zana ta ga yana ɗiga. "Ganin ɗiya kaz zo ko wanka? Ai ni ka jego." Ya leƙa jaririya, ya ce tubarkalla, ya ce mu tafi. Muka shiga mota muka ci rabin hanya. Sannan ya ce, "Wata shidda ina neman aljani, ashe kullum shina barci bayan na'urata."

Ran Lahadi da sassafe muka buɗe ofis. Ya zaunar da ni a teburin Maliki, ya zauna a na Hammadu, ya ce in ƙidaya. Muka danna, ba ta ƙame ba. Muka sake, ba ta ƙame ba. Laifinsa ne, yatsansa ba shi da sauri. Na ce ya saki kafaɗa, ya daina kallon yatsa, ya saurari muryata. A karo na biyar ƙara ɗaya ta fita. Allo biyu suka yi tsit.

Hodi ya tashi ya taka rawa. Ban taɓa ganin wanda kayansa suka lalace yana murna ba sai ran nan. Ya ce ciwon da kake iya kira ya zo, ya kusa warkewa.

Ya shanya littafin a gaban iyakwandishan, ya bi shafukan da suka manne yana ɓamɓarewa har ya kai inda Mai Barkono ya yi ƙarinsa. Ya sa yatsa a kan wasu layuka ya yi mini bayani, ni kuma ga yadda na fahimta. Kafin a ɗauke fayil daga ɗaki zuwa ɗaki, dole mai ɗaukar ya riƙe mabuɗan ɗakunan biyu, kada wani ya shigo ana tsakiyar kwasa. Mai Barkono ya rubuta cewa a fara ɗaukar mabuɗin ɗakin da za a fita, sannan na ɗakin da za a shiga. In mutum ɗaya ne, ba komai. In wani ya riga wani ko da ƙiftawar ido ne, ba komai, na farko ya kwashi biyun ya gama ya ajiye. Amma in an danna tare, aikin Maliki ya cafke mabuɗin Argungu ya miƙa hannu neman na Birnin Kebbi, aikin Hammadu ya riga ya cafke na Birnin Kebbi yana neman na Argungu. Kowa ya durƙusa a bakin gungumensa. Na'ura kuwa ba ta da Inna Kulu. Shi Mai Barkono ina zai san akwai ƙasar da mutum biyu za su yi wata uku suna koyon danna madanni tare?

"To sai a hana su dannawa tare," na ce, ko da yake raina bai so ba.

"A koma ɗaga sanda? A'a. Tsamiya za mu dasa mata."

Abin da ya yi, ya goge layi uku ya rubuta bakwai. Ko daga ina ka fito, ko ina za ka, mabuɗin mai ƙaramar lamba za ka fara ɗauka, wato ɗakin da aka fara ginawa. In ka tarar wani ya ɗauka, ka jira hannunka wofi, ba ka riƙe wa kowa komai ba. Daga nan na'urar ta shiga sake dama cikinta da sabon rubutun, sa'a biyu da rabi tana gurnani. Na yi barci na tashi. Muka danna tare, ta wuce. Muka sake, ta wuce. Na fara neman hulata, sai Hodi ya ce bari ya gwada sauya wa fayil wuri a cikin ɗaki guda. Ya danna. Tsit.

Ya dafe kan nan da hannu biyu, hannuwan ba su isa ba. Ashe in ɗakin fita da na shiga ɗaya ne, sai ta ɗauki mabuɗin ta sa aljihu, ta koma bakin ƙofa tana jiran wanda ya ɗauka ya dawo da shi. Na ce wannan ai kawunmu ne, ranar da ya tashi gida kaf neman hular da ke kansa. Ya ƙara layi biyu, aka sake sa'a biyu da rabi. Bayan la'asar muka danna tare sau arba'in, har yatsana ya kumbura. Ko tari ba ta yi ba.

Litinin Darakta ya iso da babbar mota da lebura huɗu. Mutum ne mai tumbi da gaggawa. Kafin a gama gaisuwa leburori sun fara kwance ƙusoshin iyakwandishan. Babban Akawu ya roƙi a yi gwaji ɗaya. An riga an kira manoma biyu masu son musaya, ofis ya cika har taga. Suka riƙe hannun juna. Maliki da Hammadu suka ɗora yatsu. Na gyara murya na ƙidaya yadda ban taɓa ƙidayawa ba. Ƙara ɗaya. Allo biyu suka ce an gama.

Aka sake da wasu biyu. An gama. Darakta ya ɗaga wa leburori hannu, ya ce, "Injiniya, mi kay yi mata?"

Da Hodi ya ce addu'a ya yi, da an tashi lafiya. Amma gaskiya ta yi masa yawa. Yana kallon takalmi ya ce, "Ranka shi daɗe, oda nis sa mata. Yanzu kullum ɗaki guda taka hwara kamawa, wanda anka hwara ginawa, wato babba, sannan…"

"Wane na babba?" in ji Maliki.

Ofis ya yi shiru irin na kwamfuta ranar Talata.

"Tambaya kaka yi?" in ji Hammadu. "Ina ohis ɗin yake?"

"Cikin garin da kakanninmu sunka gina sunka ba ku aro!"

Manoman da ke riƙe da hannun juna suka saki. Na ga wani dattijo na laluben sandarsa. Darakta ya ce in dai na'urar rigima za ta haddasa tsakanin gari biyu, gara a kwashe ta ko ta warke, ya juya ga leburori ya ce su ci gaba.

Nan ne Hodi ya ɗaga kai. Na ga ƙwayar idonsa, ashe ja-ja ce. Ya ce, "Ranka shi daɗe, duniya duka mutum biyu sunka san wane na. Guda ya koma Indiya. Ni kuwa ko an ɗaure ni ba ni hwaɗi. Kun danna tare, kun ga amsa tare. Wanda duk yag ga nashi ya makara, shi hito shi nuna."

Ba wanda ya fito, don tazarar ko ƙuda ba ya ganinta. Darakta ya dube shi, ya dubi Maliki da Hammadu, sai tumbin ya fara rawa. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce Sakkwato ma suna da isassun rigingimu, a mayar da ƙusoshi. Da zai shiga mota ya ja Hodi gefe ya yi masa raɗa. Na ga Hodi ya girgiza kai. Darakta ma bai samu ba.

Kwamfutar ta yi aiki har bayan an yanke mana jiharmu, ba ta sake ƙamewa ba, sai da aka kawo ƙanana masu zama a tebur aka yi mata ritaya. Hodi ya yi ritaya shi ma, yana unguwar Badariya yana noman albasa, jikokinsa duk sun gado kan. An daɗe da yin kwalbati a inda gungumen nan yake, mota ma na wucewa, amma in mutum biyu suka haɗu, na gefen tsamiya ke farawa.

Ni kuwa ban yi asara ba. In na je Argungu nakan ja mutum gefe in ce Hodi ya gaya mini a asirce, ɗakinsu ne babba. In dawo da giwan ruwa. A Birnin Kebbi in ce su ne, in sha fura da nono har in kasa tashi. Shekaru ke nan ina wannan hidima ta haɗa kan jama'a.

Amma abin na cina. Da sallar bana na same shi a zaure na ce, "Hodi, mun tsuhwa. Maliki ya rasu, Hammadu ba shi ji. Don zumunci, wane na babba?"

"Sha ɗaya," ya ce.

"Wane na sha ɗaya?"

Ya sunkuya yana duban takalminsa.

Da zan fita na ga littafi na biyu na Mai Barkono a kan taga, har yanzu da tabon ruwan fadama. Na sa shi cikin riga na tafi da shi gida, na ce yau asiri zai tonu. Kwana uku ina juya shafuka. Ba Argungu, ba Birnin Kebbi, sai baka-baka da ɗigo-ɗigo kamar kaji sun bi ta kan tawada. Hodi ya aiko a gaya mini in na gama karantawa akwai na ɗaya da na uku. Yanzu haka littafin na ƙarƙashin ƙafar gadona ta hagu, wadda ta daɗe tana gurgunta.